Ƙullun Masa a Hannun Babur

Sanyin da aka yi a Alƙahira a ƙarshen shekarar 2013 bai bar kowa ba, amma a wani ɗan gida na hawan ƙasa a lungun Faisal mutum biyu ya sa wa ido, Goggo Husseina mai masa da ɗanta Rilwanu.

Rilwanu ɗan aike ne a ofishin Alhaji Mainasara da ke Mohandessin, masu sayar da tikiti da tura kaya gida. Babur ɗin ofis ne a hannunsa, kuma da takardar wannan aikin yake sabunta iƙamarsa, wato izinin zama a ƙasar. Kullum sai ya ƙetare gada zuwa Wustul Balad, tsakiyar birni, sau uku ko huɗu, iskar kogi tana yankar masa yatsu ta cikin safar hannu. Wata safiya yatsun suka ƙi matse birki, saura kaɗan ya shige ƙarƙashin mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya. Alhaji da bakinsa ya ce a je a sa wa babur ɗin robar hannu mai ɗumi, irin wadda ake ja wa waya daga batir.

Nata'ala ne ya yi aikin. Mutumin Gumel ne, karatu ya kawo shi, karatun ya ƙi, ya kama aikin rewaya a shagon wani Bamisire. Ya zare tsofaffin robobin, ya zura sababbi da gam, ya bi da wayoyi ta ƙarƙashin tanki ya ɗaure su a kan batir, ya kafa ɗan maɓalli kusa da madubi. Ya goge hannu ya ce khalas, an gama.

Ita kuwa Goggo shekararta goma sha tara a Masar. Girki ta zo yi wa wasu ma'aikatan ofishin jakadanci, suka tashi, ta zauna. Talata da Juma'a take yin masa da miyar taushe, ɗalibai 'yan Arewa su zo da kwanukansu. Sanyin nan ya hana ƙullunta tashi. Rana ba ta shiga hawan ƙasa, tukunyar gas kuma ta yi wuyar samu a unguwa, ba ta bari ta ƙone a banza. Ta ƙara yis, masa ta fito da ɗaci. Wani ɗalibi marar kunya ya ɗaga guda a gaban mutane ya ce, "Goggo, wannan masa ce ko marfin kwalba?"

A falo babur yake kwana saboda ɓarayi. Rilwanu ya kafa doka a kansa. "Inna, amanar mutane ce. Ko mayafi kar a rataya masa."

Wata ranar Litinin da la'asar, Rilwanu yana masallaci da makullin a aljihunsa, tana shara ta dafa hannun babur za ta miƙe, babban yatsanta ya danna maɓallin. Wata 'yar jar wuta ta kama. Kafin ta gama kwashe sharar ta sake dafawa, ta ji robar da ɗumi kamar bayan akuya. Ta tsaya ta duba. Inji bai tashi ba, babu ƙara, babu hayaƙi. A saninta abin da ba a murɗa masa makulli ba barci yake yi, ba ya cin komai.

Ta raba ƙullu a leda biyu masu kauri, ta ɗaure bakin sakwa-sakwa. Da Rilwanu ya shige ɗakinsa ta ɗora kowace leda a kan hannu guda, ta danna maɓalli, ta lulluɓe da bargo. Kafin ya fito sallar asuba ta kwashe kayanta. Ƙullu ya tashi har yana huci. Ranar ko masa ɗaya ba ta yi saura ba.

Da safen babur ya ƙi tashi. Rilwanu ya tura shi har bakin titi kafin ya kama. Haka ranar Asabar bayan hutun Juma'a, haka Talata ta gaba. Ofis ya sa sabon batir, bai yi sati biyu ba ya mutu. Aka sake wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Goggo tana jin ƙorafin tana tsine wa masu kanti da ke sayar wa baƙi jabun kaya, kuma har zuciyarta take tsinewar.

Na ukun ne ya mutu ranar da aka ba Rilwanu fasfo bakwai na wasu matafiya ya kai wani ofishi a Wustul Balad kafin ƙarfe goma. Babur ya ƙi, turi ma ya ƙi. Ya isa sha ɗaya da rabi, an rufe taga. Alhaji Mainasara ya tara ma'aikata, a gabansu ya ce ya gane wasan: Rilwanu ne yake cire sabon batir ya sayar, ya maƙala matacce. Ya ba shi zuwa Alhamis ya kawo bayani, in babu ya ajiye makulli, takardar iƙama kuma ya nemi mai sa masa hannu.

Rilwanu ya dawo ya zauna a bakin gado, bai ci abinci ba. Mutum ne mai shekara talatin da biyu wanda ko canjin cefane bai taɓa riƙewa ba. Goggo ta tsare shi da tambaya har ya faɗa.

"Ɓarawo ya ce?"

"Inna, ki bar maganar."

"Da bakinsa? A gaban mutane?"

"Na ce ki bari."

"Wa ya taɓa babur ɗin nan kafin ya fara wannan iskancin?"

"Nata'ala ne kawai."

Ranar Laraba da hantsi ta sa shi ya tura babur, tana biye da shi da mayafi a kafaɗa, har shagon. Nata'ala yana tsugune yana shan shayi.

"Goggo da kanta! Sannu da zuwa, ina kwana?"

"Riƙe gaisuwarka. Karatu ya gagare ka, waya ma ta gagare ka? Me ka cusa wa babur ɗin mutane da yake kashe batir kamar annoba? Ana kiran ɗana ɓarawo kana nan kana hura shayi."

Bamisiren mai shagon ya leƙo yana ba ta haƙuri da Larabci, ma'alish, ma'alish ya hajja. Ta ce masa da Hausa ba da shi take ba.

Nata'ala bai yi musu ba. Ya ɗauko na'urar gwaji ya ɗora wa batir, ya tayar da injin da wani batir ɗin shago, ya ga caji yana shiga daidai. Ya kashe, ya zare makulli, ya sake gwadawa, babu inda wuta take zuba. Ya danna maɓallin ɗumi, jar wuta ta kama, allurar na'urar ta motsa. Ya juya wajen Rilwanu.

"Rilwanu, kana kashe wannan in ka sauka?"

"Kullum. Sau biyu nake dubawa."

Nata'ala ya sunkuya a kan robar hannun dama. A cikin zanen robar akwai wani farin abu da ya bushe. Ya kankare da farce, ya murza, ya kai hanci.

"Wannan ai tsamin shinkafa ne."

Nata'ala ya ɗago kai. Ya dubi Rilwanu, Rilwanu ya dubi uwarsa.

"To, sai me?" in ji Goggo. "Ƙulluna ne. Na ɗora ya sha ɗumi. Na tayar da inji ne? Na sha muku mai ne? Makulli yana aljihunsa."

"Inna!"

"Goggo," in ji Nata'ala, "wannan robar wuta take ja kamar fitila biyu. Awa biyu zuwa uku ta shanye batir tas. Batir kuwa in aka shanye shi haka sau uku a cikin sanyi, ya gama."

Ta daɗe tana kallon robar. Ta gane, kuma ba ta ji daɗin ganewar ba. Amma ba ta zo nan don ta koma da laifi ita kaɗai ba.

"Tsaya. Fitilar babur ɗin nan tana kamawa ba makulli?"

"A'a."

"Hon fa?"

"A'a."

"To don me naka abin yake kamawa?"

Nata'ala ya sosa ƙeya. Ya ce ƙa'ida dai akwai wani ɗan akwati, rile, da ake sawa a tsakani, a ja masa waya daga makulli, in an kashe babur ya yanke wutar da kansa. Ranar babu shi a shago, sai ya haɗa kai tsaye da niyyar in Rilwanu ya sake biyowa ya ƙarasa.

"Ka gaya masa ya dawo?"

"Na sha'afa, Goggo."

"Ka sha'afa. Yalla, ɗauki akwatin naka da kayan aikinka, Mohandessin za mu. Abin da ka faɗa mini shi za ka faɗa wa Alhaji."

Rilwanu ya hau babur da batir ɗin aro, ita da Nata'ala suka shiga mikrobas. 

Ofishin yana hawa na biyu, tebur huɗu da ɗakin Alhaji mai ƙofar gilashi. Alhaji Mainasara ya karɓe su a tsaye. Nata'ala ya yi bayanin waya da rile, ya ɗauki laifinsa bai rage ba. Goggo tana gefe tana gyaɗa kai, tana fatan maganar ta tsaya a nan.

"Na ji," in ji Alhaji. "Wayar ba daidai take ba. Amma maɓalli ba ya danna kansa. Ko dai yaron nan yana barinsa a kunne ya yi mini ƙaryar yana kashewa, ko kuma kun shirya wannan labarin a hanya. Rilwanu, wanne ne?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai. Ba zai ambaci uwarsa a gaban mutane ba, ko da aikin zai tafi. Nata'ala ma ya kama kallon silin.

"Ni ce," in ji Goggo.

"Ke ce me, Hajiya?"

"Ni nake dannawa. Ƙullun masa nake ɗorawa ya tashi. Bai sani ba, ya ma hana ni taɓawa."

Wata ma'aikaciya a teburin kusa ta toshe baki da gyale. Alhaji bai yi dariya ba.

"Masa. A kan babur ɗina."

"A kansa."

"Har da wadda ya kawo mana nan ranar Talata?"

"Har ita. Na ji an ce kai ka ci huɗu."

Alhaji ya zauna. Ya ce to shi ke nan, magana ta wuce, Rilwanu ya koma bakin aikinsa, Allah ya kiyaye gaba. Ya jawo wata takarda ya fara dubawa.

Goggo ba ta motsa ba.

"Alhaji, a ina ka kira shi ɓarawo?"

"Hajiya, na ce ta wuce."

"A cikin ɗakin nan ka faɗa, ko a waje gaban mutane?"

"Raina ne ya ɓaci a lokacin. Fasfo bakwai fa."

"Ni na faɗi nawa a gaban kowa, da furfurata. Wannan ma ya faɗi nasa. Saura kai."

Ta ja kujerar baƙi zuwa bakin ƙofar gilashin ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Wani mai son tikiti ya shigo, ya rasa ta inda zai wuce. Rilwanu ya matso yana raɗa mata don Allah ta tashi, ta ce ya koma gefe. Aka yi minti goma haka, wayar ofis tana ta ƙara.

Daga ƙarshe Alhaji ya fito ya tsaya a tsakiyar tebura.

"Ku saurara. Abin da na faɗa a kan Rilwanu ba haka ba ne. Bai ɗauki komai ba. Na janye."

"Ba su ji ba na can baya."

"Bai saci komai ba, na ce!" Ya juya gare ta. "Tamam? Amma daga yau babur a garejin ofis zai riƙa kwana. Ba zai sake zuwa Faisal ba."

"Babur ɗinka ne," in ji ta, ta miƙe.

A ƙasa, bakin titi, Nata'ala ya buɗe gefen babur ya yanke jar wayar, ya sa rile da fis, ya ja siririyar waya zuwa makulli, ya naɗe da salatif. Rilwanu ya tura babur cikin gareji ya miƙa wa mai gadi makulli, don Alhaji ya ce sai gobe zai fara.

A mikrobas ɗin komawa suna zaune a kujerar baya, an matse su da wata mata mai buhun albasa. Sai da suka wuce gada Rilwanu ya yi magana.

"Yanzu kullum sai na fito ƙarfe shida in bi layin mota."

"Ka fito. Da aikinka dai."

"Da kin gaya mini tun farko, Inna."

"Da ka hana ni."

Ya juya yana kallon taga. Ita kuma ta ƙwanƙwasa wa direba ya tsaya a bakin kasuwa, tana da shinkafar Juma'a da ba ta saya ba.