Lissafi a Bakin Mayafi

"Ajiye biron nan," in ji Baba Tela daga kan gado. "Jawo kwandon ƙyalle."

Auta ta jawo shi daga ƙarƙashin keken ɗinkin da ya yi wata biyu a rufe. Shekararta takwas tana goge-goge a asibiti, burinta makarantar jinya, amma lissafi ya kayar da ita sau biyu. Bana ce damarta ta ƙarshe, don shekarunta sun kusa wuce ƙa'ida. Malamin darasi ya cika allo har ya gaji, ita kuwa kamar an shuka dusa. Baba Tela maƙwabcinta, tsoho mai shiga sharo ba shanu, shi ya ce ba ta san hanyarta ba ne kawai.

"Wani da ido yake ganewa, wani da kunne. Ke kuwa, 'yata, ƙwaƙwalwarki a yatsu take. Karanto."

"Ruwa ya kai kashi biyu cikin uku na tanki, aka kwashe rabinsa. Saura nawa?"

"Ninka ƙyallen uku. Riƙe biyu. To, ba ni rabin abin da kika riƙe."

Ta dubi hannunta. "Saura ɗaya cikin uku, Baba."

"Ka ji likita." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ta tallafo kansa ta ba shi ruwa, tana jin yadda ya rame.

"Amma ba sa bari a shiga ɗakin jarrabawa da ƙyalle," in ji ta.

"Mayafin naki ma a ƙofa za su karɓe?"

Ranar jarrabawa da safe matarsa ta tare ta a bakin ƙofa, idanu jawur. "Ya cika ɗazu. Ya ce ko me ya faru, kada ki fasa."

Auta ta tafi tana kuka. A tambaya ta huɗu lambobi suka fara yi mata rawa kamar da, ta ji komai ya ƙare. Sai ta kama bakin mayafinta, ta ninka uku, ta riƙe biyu. Mai sa ido ya tsaya a kanta, ya duba, bai ga komai ba sai yadi, ya wuce.

Da yamma ta zauna kusa da matar, gefen keken ɗinkin.

"Na amsa duka, Inna. Ban bar ko ɗaya ba."

Tsohuwar ta kamo bakin mayafin, duk ya yi layi-layi da ninki, ta bi shi a hankali da babban yatsa, yadda mijinta kan bi ɗinkin da ya yi masa daidai.