Sai-da-Turi Ta Je Ganin Gida

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, ni da Sai-da-Turi, tsohuwar motar Koriya da Baba ya bar mana, wadda Yaya Tanimu ya rantse da safe 'yan gwangwan za su kwashe. Na ce kafin nan sai na kai ta ga danginta, ko sa yi mata magani.

Na goya ta muka tafi. Koriya ashe bayan tashar Gusau take. Ruwa na ta zuba daga ƙasa zuwa sama, mutane na taka lema. Wani bunsuru mai tabarau ya buga mana hatimi da ƙaho, ya cinye fasfon.

Sai ga mu a gidan kamfanin da ya ƙera ta, dangi sun jeru. Kakarsu keke ce, don da keke aka fara, tana kishingiɗe tana cin goro. Ga babur, ga mai ƙafa uku, ga ƙananan motoci, ga jif-jif masu tumbi. Autar ta lantarki ce, ko gaisuwa ba ta iya ba. Sai-da-Turi ta tuɓe tayoyinta a bakin ƙofa ta durƙusa. Wallahi daɗi kamar in taka rawa.

Kaka ta ƙare mata kallo ta ce, "Yaro, wannan tamu ce kuwa?"

Nan ido ya raina fata. Shekara da shekaru duk abin da ya lalace, wanda ya shiga muke cusa mata. Inji na Japan, ƙofofi na Jamus, but ɗin baya kuwa igiyar guga ke riƙe da shi. Aka ce kowane baƙo ya koma gidansu. Inji ya yi sallama, ƙofofi suka tashi fir, igiya ta sulale. Aka bar ni da oda a tafin hannu, ga kunya ga dariya.

Kaka ta ce in danna. Na danna, ta yi kukan nan nata na mai mura, wanda in mun ji muna yara muke rugawa, Baba ya dawo.

"Muryar gidanmu ce," in ji Kaka. "Sauran duk tufafi ne."

Dangi suka ɗauki guɗa da odarsu, har auta.

Bugun ƙyaure ne ya tashe ni, ɗan gwangwan na ta kwaɗa sallama. Na lalubi sifanar kwance ƙarafa a ƙarƙashin gado. Su ɗauki komai, ban da oda.