Takardar Neman Aikin Ashafa

Shekara uku bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, akwai wani magidanci Bafillatani a unguwar Zaitawa ana kiransa Ashafa. Kakansa ya shigo birni da shanu fiye da ɗari, ubansa ya rage su, ciwon bushiya ya zo ya share ragowar. Abin da ya saura masa shi ne bijimi ɗaya, ja, mai suna Jatau, da matarsa Hajo, da kunya wadda za ta ishi unguwa guda.

Wata safiya Hajo ta kife masa ƙwarya a gabansa don ya ga babu komai a ciki.

"Malam, in watan nan ya mutu ba ka sami abin yi ba, mahauta za su zo su tafi da san nan. Ba zan zauna ina kallon nama yana tuƙa a tsakar gida, ni ina hamma ba."

Ashafa ya dubi ƙwaryar. Ya san gaskiyarta.

A kwanakin nan aka yi shela cewa wani kamfanin Turawa ya kafa shinge a bakin tasha, yana neman wanda ya san shanu, mai iya shigar da su tarago a kai su kudu. Amma sun zo da sabon abu. Da can, mai neman aiki babban mutum yake samu ya kama hannunsa ya kai shi. Su kuwa suka ce kowa ya kawo takarda, ya faɗi ko shi wane ne, abin da ya taɓa yi, da abin da ya iya.

Ashafa ya nufi Kasuwar Kurmi wajen Malam Jibril, wani Babarbare mai rubuta wa mutane wasiƙa a rumfar masu sayar da takarda. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, shi kuwa Jibril ba ya barin nasa ya kwana.

"A'a, bawana ne yau a gari! Zauna a ƙasa, tabarmar ta 'ya'ya ce. Sunanka?"

"Ai ka sani."

"Ni na sani, takarda ba ta sani ba. To me ka iya?"

"Ba komai, Malam."

"Shekara nawa kana kiwo?"

"Ai shanu su ke kiwon kansu. Ni bin su kawai nake yi."

"An ce kai ka ƙetarar da shanun fatake kogin Kwara, ba a rasa ko maraƙi ba."

"Ruwan ne ya yi sauƙi a shekarar."

Jibril ya ajiye alƙalami. "To in rubuta wa Bature: ga wani mutum nan, bai iya komai ba, yana bin shanu, ruwa yana yi masa sauƙi. Haka kake so?"

"In ka ga hakan ya fi kusa da gaskiya."

Bai fi kusa da gaskiya ba, kuma Ashafa ya sani. A duk birnin babu wanda ya kai shi sanin saniya. Kunya aba ce mai kyau, na yarda. Amma wadda za ta hana magidanci faɗin gaskiya a kan aikin hannunsa alhali iyalinsa na jin yunwa, wannan girman kai ne. So yake a yabe shi, amma daga bakin wani.

Har azahar suna abu ɗaya. Da Jibril ya gaji sai ya ce, "Tashi ka tafi. A yanka tsohon san nan kowa ya huta, ko da yake ban ga abin ci a jikinsa ba sai ƙaho."

Sai ga Ashafa a tsaye.

"Jatau kake nufi? Kai Babarbare, me ka sani? Sau uku yana zuwa Ilori a ƙasa yana dawowa, bai taɓa ɗingishi ba! Kafin asuba ya tashi. Ba ya zaɓen abinci. Shanu ɗari biyu za su bi shi ba sanda, ba tsawa. Ya sha bushiya ya tashi. Shekara tara muna tare, ko sau ɗaya bai taɓa juya mini baya ba!"

Ya yi ta zubawa har masu sayar da sirdi suka leƙo. Jibril kuwa alƙalaminsa sai gudu yake. Da ya gama ya busa takardar ya ce, "Shi ke nan. Na rubuta a sama, bayan gaisuwa, cewa wannan labarin bijimin Ashafa ne, don a auna mai kiwo da abin da ya kiwata. Bature ba wawa ba ne, zai gane."

Ranar da aka sa, masu neman aiki kusan arba'in suka tsuguna a gindin tagar ofishin kamfani, Ashafa yana can gefe. Daga inda yake yana jin komai. Baturen kamfanin yana shirin tafiya hutu ƙasarsu, an riga an ɗaure akwatunansa. Magatakardansa, Malam Sabo, shi ke karanta masa wasiƙun. Wani ya rubuta cewa ya taɓa kama zaki da hannu. Wani ya ce kakansa ne ya haƙa rabin rijiyoyin Gwale. Kowace kuma ta fara da gaisuwa mai tsawon kamu biyu.

Baturen ya buga tebur ya ce da Hausarsa mai kaushi, "Bar gaisuwa! Fara daga tsakiya!"

Ta Ashafa ce a hannun Sabo. Ya tsallake sama, ya fara daga tsakiya.

"Jatau ya je Ilori a ƙasa sau uku. Kafin asuba ya tashi. Ba ya zaɓen abinci. Shanu ɗari biyu suna binsa ba sanda."

"Yana shan taba?"

Sabo ya duba takarda. "Ba a rubuta ba, ranka ya daɗe. Amma ba na zato."

"Yana da surutu?"

"Ko kaɗan."

"Shi nake so. Rubuta Jatau, shugaban masu loda shanu."

Sabo ya buɗe baki, ya tuna cewa ba a ce wa Bature ya yi kuskure, ya rufe. Ashafa ma ya ɗaga gwiwa zai miƙe, ya tuna in ya miƙe sai ya ce ni ne a gaban mutum arba'in, ya koma ya tsuguna. Mutum biyu masu gemu, kalma ɗaya ta gagare su. Baturen ya sa hannu, ya hau doki ya tafi.

Da jama'a ta watse Ashafa ya matso. "Malam, Jatau fa sa ne."

"Baffa, ni na karanta, na sani. Amma ya sa hannu, ba mai gogewa sai shi, shi kuwa sai bayan wata shida. Gobe da sassafe ma'aikaci ya zo aiki."

"Ni fa?"

"Kai wa? Ba ka cikin takarda."

Washegari Ashafa ya jawo Jatau har ƙofar shinge. Mai gadi ya ƙame ya sara wa bijimin, ya tare Ashafa da kulki, wai ma'aikata kaɗai ke shiga. Jatau ya ga an bar mai shi a waje, sai ya kafe. Aka ja, aka tura, aka roƙe shi da dusa. Leburori shida suka rataya a igiya, bai ko motsa ba. Shanu suna ciki suna kuka, jirgi ya yi ta busa har ya tafi da taragu wayam.

Sabo ya fito gumi yana karyo masa. "Dokar kamfani, ma'aikacin da ya yi kwana uku bai yi aiki ba an kore shi. In aka kore shi, ni ma sai an tambaye ni. Amma akwai hanya. Shugaba yana da ikon ɗaukar yaro ɗaya, in ya ba da shaidarsa a rubuce, ya sa hannu."

Haka Ashafa ya koma Kurmi, wannan karon da bijimi a bayansa, masu tukwane suna janye kayansu suna zagi. Jibril ya ji labari, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Sa'an nan ya shimfiɗa tabarma a gaban Jatau, ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, shugaba, barka da zuwa. Wannan Bafillatanin da ke bayanka, ka san shi?"

Jatau yana ta tuƙa.

"Bawana, kai ne tafinta. Me ya ce?"

Ashafa ya sunkuyar da kai. "Zai ce ya san shi."

"Ya iya aiki?"

"Zai ce ba laifi."

"Ba laifi ba ta cika takarda. Shugaba, ƙara bayani."

Ashafa ya tuna mahauta. Da ya buɗe baki muryarsa a ƙasa take.

"Zai ce a shekarar bushiya mutumin nan ya yi kwana goma sha ɗaya bai bar gefensa ba, yana ɗura masa jiƙo. Zai ce yana gane saniya mai ciwo daga yadda take ɗaga kunne. Zai ce a Kwara ruwan bai yi sauƙi ba. Mutumin nan ne ya shiga gaba."

Jibril bai yi wasa da wannan ba, ya rubuta yadda aka faɗa. Sauran sa hannu. Aka shafa wa kofato tawada, ƙarti uku suka ɗaga ƙafar, Jatau ya taka takardar, ya haɗa da gefen tabarma da ɗan yatsan Jibril.

Sabo ya karɓa, ya duba kofaton da kyau kamar mai gane rubutun, ya ce ta yi.

Tun daga ranar aiki ya tafi daidai. Jatau ya hau katako ya shiga tarago, shanu su bi shi, Ashafa ya zagayo da shi ta ɗaya ƙofar. Hajo ta aika wa mahauta cewa kada su wahalar da kansu, san ya zama ma'aikaci, shi ke ciyar da gidan.

Kowace safiya Sabo yana tsayawa a bakin shinge ya kira sunaye.

"Jatau!"

Ashafa ya ce, "Yana nan."

"Yaron Jatau!"

Leburori su fara tari suna rufe baki. Mutum mai shekara hamsin, da furfura a gemu. Da ya faɗi gaskiya guda uku a kan kansa tun ranar farko, da shi ake kira shugaba. A makon farko ciki-ciki yake amsawa, sai Sabo ya maimaita. Daga baya ya lura maimaitawar ta fi ciwo, ya koma amsawa da ƙarfi tun kiran farko.