Ranar da Bushira ta tsallake Hidaya

Ranar wata Laraba cikin watan Satumba, Mushe Sallau ya sa wata tsohuwa ta tsallake maras lafiya, kuma maras lafiyar ta warke.

Su huɗu suka tashi daga Dogon Dutsi a motar Mus'ab. Kwamitin zaman lafiya ake ce musu. Akwai Sallau, da ake kira Mushe kamar kowane malamin boko, tsohon darektan lakwal, wato makaranta, wanda matarsa ta rasu ta bar shi da littattafai. Da Zakariya, likita, Kirista. Da Maikano, dattijon garin Lugu, mai addinin gargajiya, da bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba. Sai Mus'ab, ɗan kasuwa, ɗan Izala. An ba Sallau shugabanci don shi ya iya rubuta rahoto.

Daga wani ƙauye bayan Sukukutane labarin ya zo. Wata mai jego, Hidaya, ta kwana uku tana masassara, cikin sambatu ta kira sunan Bushira, gwauruwa mai sayar da daudawa, wadda ba ta da kowa. Ƙauyen ya gama shari'a: mayya ce, ta kama kurwar Hidaya.

Sun tarar da Bushira zaune cikin rana, samari da sanduna sun kewaye ta. Zakariya ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya shiga ɗaki, ya yi wa Hidaya allura, ya rataya ƙarin ruwa, ya fito ya ce cizon sauro ne. Ba wanda ya saurare shi. Abu ɗaya suke so, Bushira ta tsallake Hidaya sau uku, yadda ake sa maye ya saki kurwa.

"Wannan shirka ce," in ji Mus'ab. "Mu sa ta mota mu tafi."

"Ta ina, ɗan gemu? Bisa kawunansu?" in ji Maikano. Ya juya ga Sallau, ya rage murya. "Amma kada ta tsallaka, Mushe. Ba ni dattawansu da gindin itace, in cika su da magana har rana ta faɗi."

"Kai da kanka, Baba, kake hana aikinku na gado?" Mus'ab ya ce.

"Don na san shi nake hanawa. Kai a wa'azi ka ji labarinsa."

Sallau ya dubi sandunan. Ya karanta littattafai biyu kan maita, da faransanci, kuma ya tabbata taki uku ba su kashe kowa. Ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, tsallaka kawai. Ba komai ba ne. Su huce, kowa ya tafi gida."

"Kai ka ce, Mushe?"

"Ni na ce."

Ta tattare zanenta ta tsallaka. Maikano ya juya baya bai kalla ba.

Washegari masassarar ta sauka, kamar yadda allura ta saba saukar da ita. Ƙauyen kuwa ya sami shaidar da jiya ba shi da ita. Suka kwance jinkar ɗakin Bushira, suka fasa tukwanen daudawa, suka hana ta bakin rijiya.

Mus'ab ya koma ya ɗauko ta, ya sauke ta gidan mahaifiyarsa. Matar Zakariya ce ke kai mata fura. Maikano ya je ƙauyen sau uku a amalanke yana roƙon a bar ta ta koma, sau uku suna ba shi ruwa suna sallamarsa. Sallau ya rubuta rahoto mai kyau, har wata ƙungiya ta gayyace shi Yamai ya faɗi yadda addinai uku suka ceci rai.

Kafin ya tafi ya leƙa Bushira. Ta rame, furar jiya na nan a rufe.

"Mushe, kai da ka yi karatu," ta ce. "Mutum na iya zama maye bai sani ba? Na tsallaka, ta tashi. Tun ranar nake tunanin ɗiyana biyu da suka mutu ina goyonsu."

Ya buɗe baki, sai ya ga maganar na bukatar shiri. Zai zo da Zakariya, da kwalbar maganin, a yi mata bayani tun daga tushe.

"In na dawo za mu yi magana a tsanake, Inna."

Kwana huɗu ya yi a Yamai, an tafa masa. Ranar da ya dawo ya tarar Mus'ab ya yi mata salla, Zakariya da Maikano sun taya haƙa kabari.

Ya tsaya bakin ƙasar da ba ta gama bushewa ba. Maganar ashe gajera ce, ba ta bukatar likita ko kwalba: ba ke ba ce, Inna, ɗiyanki ma ba ke ba ce.