Tebur na Uku

Kwamfuta ɗaya. Caja. Littattafan rajista uku na ƙungiyar manoma. Ledar albasa da Iya Indo ta cusa min a jaka. Da su na baro Indabo, kuma motarmu na daf da Wudil wayar Injiniya Zaharaddeen ta shigo. Shi ne mai kamfanin da ya ɗauke ni aiki bayan na dawo daga karatu a Indiya.

"Ikilima, gobe za mu miƙa wa ƙungiya manhajar nan. Me ya rage?"

"Mutum ɗari biyu da sha huɗu."

"Kamar yaya?"

Na yi masa bayani. A cikin manhajar, kowace gona na ɗauke da jerin masu nomanta. A rumbun bayanan kamfani kuwa tebur biyu ne, na gonaki da na manoma, kuma teburin gonaki gurbin suna ɗaya gare shi. In manhaja ta zo ajiye gona, sai ta saka sunan farko ta zubar da sauran. Ko alamar kuskure ba ta nunawa. Haka sunan mutum ɗari biyu da sha huɗu ya ɓace.

A fadama kuwa gona ba ta zama hannun mutum ɗaya. Malam Nu'uman ke shuka shinkafa a tasa da damina. In ya girbe, ya ba Iya Indo aro ta yi albasar rani. Shekara goma sha ɗaya suna haka. Takin rani kuma, sunan da ya fito daga tebur shi ƙungiya za ta ba.

"To ki bar sunan mai gona," in ji Injiniya. "Shi ya miƙa wa mai aro."

"Wasu za su miƙa. Wasu su kai kasuwa ran Juma'a."

"Me kike so a yi?"

"Tebur na uku. Gona, manomi, damina ko rani. Kowane aro da layinsa. Aikin kwana huɗu ne."

Ya yi dariya. "Ku 'yan Indiya da ƙaƙale. Jihohi uku ke aiki da rumbun nan, ba wanda ya taɓa ƙorafi."

"Wanda aka zubar da sunansa bai san an zubar ba, ranka ya daɗe."

"Zan turo Muhsin ya karɓi aikin."

Ya kashe wayar.

Ofishinmu na Wudil shago ɗaya ne a unguwar Sabon Gari. Na kunna kwamfuta na sake gwadawa. Na shigar da gonar Malam Nu'uman da suna biyu, na ajiye, na buɗe. Babu Indo. Da safe ta riƙe min mayafi ta ce, "'Yar nan, kin dai rubuta ni?" Na ce mata na rubuta.

Bayan la'asar Muhsin, abokin aikina, ya iso daga Kano. Muka gaisa a bakin ƙofa.

"Oga ya ce ki ba ni lambar sirri, Malama. Ni ɗan aike ne."

"Na sani. Ka ci abinci?"

"Ikilima, zai fa kore ki."

"Ya bari sai Litinin. Lokacin na gama."

Na ɗebo albasa biyar na zuba masa a hannu.

"Ka kai masa. Ka ce daga matar da ba ta cikin teburinsa."

Na rufe ƙofa na sa sakata. Ta bayanta na ƙarasa masa saƙon.

"Ba zan miƙa ba sai da tebur na uku."