Jirgin Datti a Hannun Suruki

Damina biyu Datti ya yi yana harhaɗa jirgin. Ɗan jet ne na katako marar nauyi da ake tuƙawa da rimot, tsawonsa bai kai tabarmar salla ba. Wani abokin aikinsa a ma'aikata ne ya kawo masa kayan daga waje.

Saura haɗa wayoyi kawai, sai surukinsa Malam Inuwa, mahaifin matarsa Safara'u, ya zo duba jika. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya yi ritaya ya buɗe shagon gyaran rediyo a Hayin Banki. Ya ga jirgin, ya ɗauka.

"Wannan ai aikinmu ne."

Datti yana durƙushe ya ce, "To, Baba."

Ran Asabar suka haɗu a wani fili bayan Kawo. Malam Inuwa ya zo da jirgin a nannaɗe cikin zane, da abokan hirarsa biyu, Ado da Ila.

Datti ya tsaya bayan jirgin ya tura sandar rimot dama. Leɓen fiffiken hagu ya ɗaga. Na dama ya kamata. Baba ya yi aikin ne yana fuskantar hancin jirgin, yadda yake fuskantar rediyo, damarsa ta zama hagun jirgi. Datti ya karkata jirgin da hannu don ya gwada jairo, ɗan akwatin da ke miƙar da jirgi in ya karkace. Maimakon ya miƙar, sai ya ƙara karkata shi.

Gyaran ba wuya, sauya wayoyi ne kawai. Amma a gaban Ado da Ila. Datti bai taɓa ko cin abinci a gaban surukin nasa ba.

"Baba, ko a bari iska ta kwanta?"

"Wace iska? Ko ganye ba ya motsi."

Ado ya ce, "Mijin Safara'u tsoro yake ji."

"Ni da na ja waya daga nan har Zariya," in ji Malam Inuwa, "ɗan tsakon nan ne zai gagare ni? Tayar da shi, Malam."

Datti ya tayar. Ya ƙudura a ransa zai juya hannunsa: in yana son dama, ya tura hagu. Jirgin ya ruga, ya ɗaga, ya wuce saman mangwaro. Ila ya cire hula.

Sai 'yar iska ta taɓa shi. Jairo ya yi aikinsa yadda aka haɗa shi. Jirgin ya kife, ya mirgina, ya sake mirginawa, ya shige gonar masara da hanci.

Suka taka can su huɗu. Datti yana tsince katako yana zubawa a zanen. Malam Inuwa ya ɗago wani guntu, ya ja wayar da ke jiki da ƙarfi. Ba ta motsa ba.

"Kun gani? Ko ɗaya ba ta cire ba."

"Aiki ya yi kyau," in ji Ado.

Malam Inuwa ya juya wajen Datti. "Hannunka ne bai nuna ba tukuna, Malam. In ka harhaɗa wani, ka aiko mini."

Datti ya ɗaure bakin zanen.

"To, Baba."