Wa Ke Ba Shukar Mama Ruwa?

Mai fulawa ya cusa yatsarsa cikin tukunyar shukar, ya zaro ta sharkaf da taɓo, ya sansana.

"Hajiya, wannan ai ba ƙishi ke damunta ba. Ruwa ne ya yi mata yawa, saiwar ta fara ruɓewa."

"Ranar Lahadi kawai nake ba ta," in ji Sista.

"To wani na taya ki."

Babu wani. Ita kaɗai ce a ɗakunan nan biyu tun da Mama ta rasu, wata huɗu ke nan. An raba kayan sawa, an ba da gadon kwananta, abin da ya rage mai rai shi ne shukar nan mai faɗin ganye da Mama ta yi shekara tara tana yi wa hira a bakin taga. Yanzu ganyen sai rawaya yake yi yana zuba, saura biyar. Idan ta mutu, Sista ba ta san me za ta tarar ba in ta buɗe ɗakin.

Mai fulawa ya datse ruɓaɓɓiyar saiwar, ya zuba sabuwar ƙasa busasshiya. Ya ce ko ɗigo kada a ba ta sai bayan kwana goma. Sista ta mayar da ita bakin taga, ta kulle ɗakin Mama, ta kulle ƙofar waje, ta rataya makullan a wuya ta tafi aiki.

Asibiti kuwa ba ya barin mutum ya yi tunani. Ta raba magani, ta canza bandeji, ta yi wa wani dattijo faɗa don ya ɓoye kofin ruwansa a ƙarƙashin gado. Sista ce mai bin marasa lafiya da "sha, ƙara sha," alhali leɓenta a tsage yake kamar tsohon takalmi.

Da yamma ta dawo. Makullan na wuyanta, ƙofofin a kulle kamar yadda ta bar su. Tun kafin ta isa taga ta ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ruwa ya cika farantin da ke ƙarƙashin tukunyar har yana ɗiga a siminti. A kan tebur ga kofin Mama mai shuɗin baki, wanda ta wanke ta kife a kicin, cikinsa da sauran danshi.

Tsoro ya kama ta. Ta fita da baya, ta buga ƙofar maƙwabciyarta, tsohuwar da ke wuni a baranda tana ɗinkin hannu.

"Inna, wa ya shiga wurina yau?"

"Ba kowa sai ke."

"Da rana nake nufi."

"Da ranar mana. Ƙarfe ɗaya, kamar kullum. Har kika ce mini sannu da aiki."

"Ni ina asibiti, Inna."

Tsohuwar ta ajiye allurarta ta dube ta. "'Yata, shekara uku kina zuwa lokacin hutunki ki ba mamanki magani. Ta sha rabin kofin ruwa, ki juye sauran a shuka. Da ta rasu ban ga kin fasa zuwa ba. Na ɗauka kin sani."

Sista ta nemi ƙarfe ɗayan yau a cikin kanta. Ta tuna ta cire safar hannu. Ta tuna tana sa wata. Tsakaninsu babu komai, sai tafin ƙafarta da ke zafi irin na wanda ya yi tafiya. Kullum cikakken kofi take juye wa shukar, tunda babu mai shan rabin.

Ta zauna a dakalin Inna, abin da ba ta taɓa yi ba. Kewar Mama ta taso mata gaba ɗaya, ta yi kukan da ba ta samu sararin yi ba ranar jana'iza saboda hidimar baƙi. Inna ba ta ce ta yi haƙuri ba, ta dai matsar da kwandon zare.

Da kukan ya lafa, Sista ta cire makullan daga wuyanta ta miƙa.

"Gobe idan na zo, kada ki ba ni."

"In kika matsa fa?"

"Ki ce in zauna. Ki tambaye ni ko na ci abinci."

Inna ta ɗaure makullan a bakin zanenta. "To yau ɗin kin ci?"

Sista ta daɗe tana tunani.

"Ban sani ba," ta ce.